Jessie Redmon Fauset (1882–1961): Rayuwarta da Gudummawarta ga Adabin Yaran Baƙar Fata a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Jessie Redmon Fauset, malamar makaranta, edita kuma marubuciyar ƙagaggun labarai 'yar ƙasar Amurka, wadda ta tafiyar da mujallar The Brownies' Book, ɗaya daga cikin mujallun farko da aka buga domin yaran baƙar fata a ƙasar. An duba irin hoton baƙar fata da littattafan yara na zamaninta suke cusa wa masu karatu, da yadda ta yi ƙoƙarin sauya shi, da kuma inda ƙoƙarin nata ya tsaya. Maƙalar ta nuna cewa matsalolin nan uku da ta yaƙa a shafukan yara, wato launin fata da jinsi da matsayin mutum a cikin al'umma, su ne suka yi wa rayuwarta da sunanta dabaibayi.

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro yakan karɓi abin da littafi ko hoto ya nuna masa tun kafin ya kai munzalin yin gardama da shi, kuma daga nan yake fara sanin waɗanda ake ɗauka da daraja a duniya da waɗanda ake yi wa dariya. A farkon ƙarni na ashirin, yaron baƙar fata a Amurka yakan buɗe littafi ya tarar babu shi a ciki, in kuwa ya samu kansa, to a matsayin abin ba'a ne. Jessie Fauset na cikin mutanen farko da suka ɗauki wannan al'amari a matsayin aiki na kullum, suka zauna wata bayan wata suna tace labari da waƙa da hoto domin su bai wa waɗannan yara wani abin karantawa na daban. Mujallar da ta yi wa hidima shekara biyu kacal ta yi a duniya, amma tambayoyin da ta taso da su har yau ana tafka muhawara a kansu a fagen nazarin adabin yara.

2.0 Haihuwarta da Karatunta

An haifi Jessie Redmon Fauset ranar 27 ga Afrilu, 1882, a gundumar Camden ta jihar New Jersey, ta kuma tashi a birnin Filadelfiya. Mahaifinta, Redmon Fauset, limamin coci ne a ɗariƙar Methodist ta baƙar fata. Mahaifiyarta, Annie, ta rasu tun Jessie tana ƙarama, daga baya mahaifin ya auri wata bazawara farar fata mai suna Bella Huff. Gidan babban gida ne mai 'ya'ya da yawa, kuma duk da cewa ana ganin girman mai gidan a cikin jama'arsa, samunsa bai taka kara ya karya ba. Jessie ta tashi cikin mutunci da son ilimi, amma ba cikin wadata ba, saɓanin abin da wasu masu sukarta suka riƙa zato daga baya.

Ta yi karatun sakandare a babbar makarantar 'yan mata ta Filadelfiya, wadda kusan dukkan ɗalibanta farar fata ne, ta kammala a 1900 da sakamako mai kyau ƙwarai. Ɗaliban da suka yi zarra a wannan makaranta sukan wuce kwalejin Bryn Mawr ne, sai dai kwalejin ba ta shirya karɓar baƙar fata ba. Shugabar kwalejin, M. Carey Thomas, ta gwammace ta taimaka a samo mata tallafin karatu a Jami'ar Cornell da a ce ta shigo makarantarta. A Cornell Jessie ta karanci harsuna, musamman Latin da Girkanci da Faransanci, ta kammala a 1905, aka kuma zaɓe ta cikin ƙungiyar haziƙan ɗalibai ta Phi Beta Kappa, tana cikin matan baƙar fata na farko da suka sami wannan karramawa.

Tun tana ɗaliba, a 1903, ta rubuta wa masanin nan W. E. B. Du Bois wasiƙa tana neman ya taimaka mata ta sami aikin koyarwa na hutun bazara a kudancin ƙasar, domin ta san rayuwar 'yan uwanta da ke can. Ta koyar a Jami'ar Fisk a bazarar 1904. Bayan ta kammala digiri, garinsu Filadelfiya bai ba ta gurbin koyarwa a manyan makarantunsa ba saboda launin fatarta. Ta yi shekara guda a Baltimore, sannan ta koma birnin Washinton, inda ta koyar da Faransanci da Latin daga 1906 zuwa 1919 a makarantar M Street, wadda aka sauya wa suna zuwa Dunbar a 1916. A 1919 ta sami digiri na biyu a fannin Faransanci daga Jami'ar Pennsylvania. Shekarun nan goma sha uku da ta yi a gaban allo sun sa ta san ɗalibin baƙar fata ciki da bai, ta kuma san littattafan da ake miƙa masa.

3.0 Abin da Yara Suke Karantawa a Zamaninta

A 1896 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Plessy da Ferguson, ta halatta raba baƙar fata da farar fata a wuraren jama'a. Abin da doka ta tabbatar, littattafan yara da kayan wasansu sun riƙa maimaita shi cikin raha. A 1895 Florence Upton ta fito da Golliwog, wata 'yar tsana baƙa ƙirin mai ƙwala-ƙwalan idanu da jajayen leɓɓa da tsayayyen gashi, wadda ta bazu a ɗakunan yara a Ingila da wasu ƙasashe. A 1899 Helen Bannerman ta buga The Story of Little Black Sambo, kuma maɗaba'un Amurka suka yi ta sake buga shi da zane-zanen da suka fi na asali muni, har sunan yaron ya zama abin tsokanar yaran baƙar fata a filin makaranta. Topsy, yarinyar nan baiwa ta cikin littafin Uncle Tom's Cabin na 1852, ta koma abin barkwanci a dandalin wasan kwaikwayo, ana nuna ta cikin tsumma da yamutsattsen kai. Katunan gaisuwa da tallace-tallacen sabulu su ma sun bi sahu.

Mujallar yara mafi daraja a lokacin ita ce St. Nicholas, wadda aka kafa a 1873. Tana ɗauke da labarai masu inganci da zane mai kyau, amma duniyar da take nunawa ta farar fata ce masu hali. Baƙin mutum yakan leƙo cikinta a matsayin bara ko mai ban dariya da gurɓatacciyar magana. A cikin wannan mujalla ne mai zane Palmer Cox ya shahara da wasu ƙananan aljanu da ake kira Brownies, waɗanda ya aro daga tatsuniyoyin Sikotland, ya kuma zana wasu daga cikinsu da kamannin ba'a na ƙabilu daban-daban. A 1915 kuma sai ga fim ɗin The Birth of a Nation, wanda ya mayar da 'yan ta'addar Ku Klux Klan jarumai.

Illar wannan ta shafi ɓangarori biyu. Yaron farar fata yana koyon cewa fifikonsa halitta ce, yaron baƙar fata kuma yana koyon jin kunyar fuskarsa. Haka nan littattafan sun raba ayyuka tsakanin jinsi: namiji shi ke fita yawon duniya ya yi bajinta, mace kuwa tana gida tana jiran aure, kuma kyakkyawar yarinya a kullum fara ce mai gashi ruwan zinariya.

4.0 Mujallar The Crisis da Kafuwar The Brownies' Book

An kafa ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP a 1909, kuma a 1910 Du Bois ya fara fitar da mujallarta, The Crisis. Fauset ta soma rubuta mata sharhi da gajerun labarai da waƙoƙi tun 1912. A 1919 ta ajiye alli ta koma New York a matsayin editar sashen adabi na mujallar, a daidai lokacin da kwafin da ake sayarwa ya kai wajen 100,000 a wata.

Shekarar 1919 shekara ce ta zubar da jini. An kai wa unguwannin baƙar fata hari a garuruwa da dama, ciki har da Washinton da Chicago, inda mutum 38 suka mutu a rikicin da ya biyo bayan nutsewar wani matashi baƙar fata da aka jefa da duwatsu a bakin tafki. The Crisis ta saba keɓe fitowar watan Oktoba ga yara, amma ko a wannan fitowa ba ta iya kauce wa ba da labarin mutanen da aka rataye ko aka ƙone ba tare da shari'a ba. A fitowar Oktoba ta 1919 Du Bois ya ambaci wasiƙar wata yarinya 'yar shekara 12 da ta bayyana masa ƙiyayyar da take ji ga farar fata. Abin ya dame shi, domin ɓoye wa yara gaskiya zai bar su ba shiri, ɗura musu ita tsagwaronta kuma zai raine su cikin ƙiyayya. A nan ya sanar da cewa za a fito da mujalla ta musamman domin yara, mai manufofi bakwai. Daga cikinsu akwai nuna wa yaro cewa baƙar fata aba ce ta al'ada kuma kyakkyawa, da sanar da shi tarihin mutanensa, da koya masa yadda zai yi hulɗa da yaran farar fata cikin mutunci, da juya ɓacin ransa ya zama himma.

The Brownies' Book ta fara fitowa a watan Janairu 1920, daga kamfanin da Du Bois ya kafa tare da Augustus Granville Dill. Ana sayar da kwafi ɗaya senti 15, kuɗin shekara kuma dala ɗaya da rabi. Sunan kansa martani ne, domin an ɗauko kalmar da yara suka sani a matsayin sunan aljanun Palmer Cox aka mayar da ita sunan yabo ga yara masu launin ƙasa-ƙasa. A bangon fitowar farko an sa hoton wata ƙaramar yarinya baƙar fata cikin fararen kaya da kambi a kanta, wanda mai ɗaukar hoto Cornelius Battey ya ɗauka. Fauset ta fara a matsayin editar adabi, a shekara ta biyu kuma aka ba ta muƙamin manajan edita. Masu bincike sun yi ittifaƙi cewa ita ce ta ɗauki mafi yawan nauyin aikin na yau da kullum, tun daga amsa wasiƙu da neman marubuta da masu zane har zuwa cike shafuka da rubutunta, wani da sunanta, wani ba suna.

5.0 Abin da Mujallar ta Ƙunsa

Kowace fitowa tana da filaye tsayayyu. Akwai filin Alƙali, wanda Fauset take rubutawa, inda wani dattijo yake hira da yara huɗu, Billikins da Billie da William da Wilhelmina, a kan karatu da tarbiyya da zaman gida, har wani lokaci ya juyo ya ja kunnen iyaye. Akwai filin wasiƙun yara, da filin iyaye, da filin wasanni. Du Bois shi ke rubuta filin labaran duniya ta bakin wani hankaka da ke shawagi yana ba da rahoton abin da ya gani a Indiya da Masar da Ireland da Haiti. Akwai kuma filin da ake buga hotunan yaran da suka yi fice a makaranta ko kiɗa ko wata bajinta.

Wasiƙun yaran su ne suka fi nuna girman matsalar. A fitowar farko wani yaro daga Filadelfiya ya rubuto cewa yana son ya zama mai zana taswirar gidaje, amma wani yaro farar fata ya yi masa dariya ya ce ba aikin baƙar fata ba ne, don haka yake roƙon mujallar ta gaya masa ayyukan da yaro irinsa zai iya yi in ya girma. Wasu yaran sun koka cewa littafin tarihi na makaranta bai ambaci kakanninsu ba sai a babin bauta. Amsar mujallar ita ce jerin tarihin fitattun mutane: Katy Ferguson da Phillis Wheatley da Benjamin Banneker da Toussaint L'Ouverture da Sojourner Truth da Harriet Tubman da Frederick Douglass. Yawan matan da ke cikin wannan jeri abin lura ne, domin littattafan makaranta na lokacin ba su cika sa mace a sahun jarumai ba, balle baƙar mace.

An kuma buga tatsuniyoyi da karin magana da wasanni daga Afirka da tsibiran Karebiyan da wasu sassan duniya, a lokacin da aka saba nuna wa yaran Amurka Afirka a matsayin dajin da ba tarihi. Hotunan yaran na gaske ne, masu zanen kuma akasarinsu baƙar fata ne, irin su Laura Wheeler da Hilda Wilkinson da Albert Smith. Wani gajeren labari na Nora Waring da aka buga a 1920 ya taɓo batun 'yar tsana kai tsaye. Wata yarinya ta yi fatan samun gashi ruwan zinariya irin na 'yar tsanarta, a mafarki burinta ya cika, sai ta tarar ba wanda ya gane ta, har mahaifiyarta, ta farka tana murna da baƙin gashinta. Wannan labari ya riga binciken Kenneth da Mamie Clark da shekaru fiye da ashirin, binciken da ya nuna yawancin yaran baƙar fata da aka gwada sun fi son farar 'yar tsana, kuma kotun ƙoli ta yi ishara da aikin Kenneth Clark a hukuncin 1954 da ya haramta wariya a makarantu.

Ta wannan mujalla ce Fauset ta gano Langston Hughes. Yana matashi, yana zaune wurin mahaifinsa a Meziko, ya aiko da waƙoƙi. Ta buga su a Janairu 1921 tare da bayaninsa kan wasannin yaran Meziko, ta kuma nemi ƙari. A watan Yuni na shekarar ta buga waƙarsa The Negro Speaks of Rivers a The Crisis, wadda ta buɗe masa ƙofar shahara. Nella Larsen ita ma a shafukan yaran ta fara fitowa a 1920, da bayanin wasannin da ta koya a Denmak.

6.0 Inda Aikin ya Gaza

Mujallar ta fito sau 24, ta tsaya a Disamba 1921. Tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi a 1920 da 1921, kuɗin takarda da ɗab'i sun yi tsada, masu biyan kuɗin shekara kuma ba su wuce 'yan dubbai ba, adadin da bai isa ya riƙe ta ba.

A nan batun matsayi ya fito fili. Mafi yawan baƙar fatan Amurka a lokacin suna kudu ne, da yawansu manoman auduga masu noma gonar wani a raba amfani, 'ya'yansu kuma ba sa samun makaranta sai 'yan watanni a shekara. Dala ɗaya da rabi ba ƙaramin kuɗi ba ne a irin wannan gida. Yaran da ke cikin hotunan mujallar kuwa galibi 'ya'yan malamai ne da likitoci da limaman coci, cikin tsaf-tsaf ɗin kaya, wasu riƙe da goge ko takardar shaidar kammala makaranta. An yi haka da gangan domin a ƙaryata hoton yaro mai tsumma da aka saba gani, kuma ya dace da ra'ayin Du Bois na cewa 'yan ƙalilan masu ilimi ne za su ja sauran jama'a gaba. Amma ɗan manomin da mujallar ta faɗa hannunsa zai iya fahimtar cewa mutunci yana tare da irin tufafi da lafazin da gidansu ba shi da su. Ta fuskar jinsi ma mujallar ta tsaya tsaka-tsaki. Ta yabi 'yan mata masu digiri da jarumai irin Harriet Tubman, amma a wasu shafukan ta ci gaba da ɗora wa 'ya mace nauyin ladabi da hidimar gida fiye da ɗan'uwanta.

7.0 Ƙagaggun Labaranta

Rufe mujallar bai raba Fauset da wannan tunani ba. A 1921 ta halarci babban taron haɗin kan baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda ya zauna a Landan da Brussels da Paris, ta rubuta rahotonsa a The Crisis. Daga baya ta yi karatu a Paris, ta kuma ziyarci Aljeriya ta rubuta abin da ta gani. A 1922 wani marubuci farar fata, T. S. Stribling, ya buga littafin Birthright a kan wani baƙar fata mai ilimi. Yadda aka siffanta mutumin bai gamsar da ita ba, sai ta ƙudura rubuta nata.

Littattafanta huɗu ne: There Is Confusion a 1924, Plum Bun wanda ya fito a Landan a 1928 da New York a 1929, The Chinaberry Tree a 1931, da Comedy: American Style a 1933. Na manya ne, amma a cikinsu ta yi ta komawa ga abin da ake shuka wa mutum yana yaro. Na farko ya buɗe da yarinya Joanna Marshall tana neman mahaifinta ya ba ta labarin wani babban mutum, kuma wannan ƙishirwa ta girma ita ta ja ragamar rayuwarta. An tsara sassan Plum Bun bisa wata waƙar reno ta Turawa mai maganar zuwa kasuwa. Jarumar, Angela Murray, tana da hasken fatar da za a ɗauke ta farar fata. Tun tana yarinya ta ga mahaifiyarta, wadda ita ma fara ce, ta ƙi kula mijinta da ɗaya 'yarta masu duhun fata a kan titi. Daga wannan darasi, da kuma tatsuniyoyin da ke ƙarewa da auren ɗan sarki, Angela ta yanke cewa dacewa tana ga zama fara da auren mai kuɗi, littafin kuma ya bi ta har ta gane kuskurenta. A littafin ƙarshe, uwa mai suna Olivia ta tsani duhun fatar ɗanta Oliver har ta riƙa nuna shi ga baƙi a matsayin yaron gida, abin da ya kai shi ga kashe kansa.

Masu maɗaba'a ma suna da hoton da suka saba da shi. Wani kamfani ya ƙi karɓar littafinta na farko bisa hujjar cewa masu karatu farar fata ba za su yarda akwai baƙar fata masu irin wannan rayuwa ba. Littafinta na uku sai da marubuciya farar fata, Zona Gale, ta rubuta masa gabatarwa tana shaida cewa irin waɗannan mutane suna nan.

8.0 Barin Aikin Jarida da Ƙarshen Rayuwarta

Ranar 21 ga Maris, 1924, aka shirya liyafa a Civic Club da ke New York, wadda aka fara tsarawa domin murnar fitowar littafinta na farko. Charles S. Johnson ne ya shirya, Alain Locke ya jagoranci zaman, kuma kafin a tashi taron ya rikiɗe ya zama bikin gabatar da sabbin marubuta baki ɗaya, ita kuwa aka ba ta 'yan mintoci can wajen ƙarshe. Daga wannan liyafa aka sami littafin The New Negro na 1925, wanda ya ɗaukaka sunan Locke a matsayin jagoran farfaɗowar adabi ta Harlem. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, domin shekara biyar ke nan tana renon marubutan da ake bikin, ciki har da Hughes da Countee Cullen da Jean Toomer da Anne Spencer.

A 1926 ta bar The Crisis bayan dangantakarta da Du Bois ta yi tsami. Ta nemi aiki a kamfanonin ɗab'i, har ta rubuta wa Joel Spingarn, ɗaya daga cikin shugabannin NAACP, cewa a shirye take ta yi aikin daga gida in launin fatarta zai zama matsala a ofis. Ba ta samu ba. Mace mai digiri biyu da harsuna da dama da ƙwarewar shekara bakwai a aikin edita ta koma aji, ta koyar da Faransanci a makarantun New York, musamman DeWitt Clinton, har zuwa 1944. A 1929, tana da shekara 47, ta auri Herbert Harris, mai sana'ar inshora, daga baya suka koma Montclair a New Jersey. A 1949 ta koyar na ɗan lokaci a kwalejin Hampton. Mijinta ya rasu a 1958, ta koma Filadelfiya wurin danginta, inda ta rasu ranar 30 ga Afrilu, 1961, sakamakon ciwon zuciya, kwana uku bayan ta cika shekara 79.

9.0 Yadda Aka Tuna da Ita

A littafin tarihin rayuwarsa na 1940, The Big Sea, Hughes ya lissafa ta tare da Johnson da Locke a matsayin mutum uku da suka karɓi haihuwar sabon adabin baƙar fata. Yabo ne na gaskiya, amma ya taimaka wajen mayar da ita mai taya wasu aiki kawai. Manazarta maza sun daɗe suna kallon littattafanta a matsayin labaran soyayya na 'yan boko masu son kwaikwayon Turawa, kuma Robert Bone, a nazarinsa na 1958, ya sa ta a sahun 'yan baya. The Brownies' Book kuwa an fi danganta ta da Du Bois shi kaɗai.

Matsalar da ta yaƙa ba ta kau da rasuwarta ba. A 1965 Nancy Larrick ta bincika littattafan yara 5,206 da aka buga a Amurka daga 1962 zuwa 1964, ta tarar kashi 6.7 cikin ɗari ne kawai suka ƙunshi ko da baƙar fata guda. Sai a 1973 kamfanin Johnson ya fito da mujallar yara ta Ebony Jr!, fiye da shekara hamsin bayan rufe ta Fauset. Daga baya mata manazarta suka sake buɗe littattafanta. Carolyn Wedin Sylvander ta buga tarihin rayuwarta a 1981, Deborah McDowell ta nuna cewa a ƙarƙashin labaran auren akwai suka mai kaifi ga yadda ake cinikin mace, Cheryl Wall ta ba ta babi a littafinta na 1995 kan matan farfaɗowar Harlem, Dianne Johnson-Feelings kuma ta tattara zaɓaɓɓun shafukan mujallar ta sake buga su a 1996.

10.0 Kammalawa

Rayuwar Jessie Fauset ta nuna cewa abin da ake bai wa yara su karanta yana da hannu wajen raba wa mutane matsayi, kuma wanda ya tashi gyara shi ba lalle ne ya kuɓuta daga dukkan ra'ayoyin zamaninsa ba. Ta yi nasarar sa yaron baƙar fata a bangon mujalla cikin mutunci, ta ba shi tarihi da tatsuniya da filin faɗin albarkacin bakinsa, ta kuma buɗe wa marubuta da dama hanya. Ba ta kai ga ɗan manomin auduga yadda ya kamata ba, kuma ita kanta launin fata ya rufe mata ƙofar Bryn Mawr da ta kamfanonin ɗab'i, jinsi kuma ya sa aka daɗe ana rubuta aikinta da sunan wasu. Manazarcin adabin yara a yau yana da tambayoyi uku da zai ɗauka daga tarihinta duk lokacin da ya buɗe littafi ko ya kalli shirin yara: wane ne aka nuna kuma a wace kama, ɗan wane gida ne zai iya mallakar abin, kuma wane ne ya yi aikin da ba a rubuta sunansa ba. Fitowa 24 na The Brownies' Book suna nan a ɗakunan karatu da intanet ga mai son ya auna su da waɗannan tambayoyi.